Ƙahon Teku a Maigatari

A daren da aka ɗaure damin gero na ƙarshe a gonakin Maigatari, mutane suka ji wani kuka da ba su taɓa jin irinsa ba.

Ba kukan sa ba ne, ba na kura ba, ba kuma kakaki ba. Ya taso ƙasa-ƙasa kamar daga cikin rijiya, ya yi ta miƙewa har sai da karnuka suka yi tsit, sannan ya lanƙwashe ya mutu a hankali.

Wasu suka ce begilar sojan Faranshi ce daga hayin duwatsun iyaka, waɗannan da Nasara suka kakkafa suka raba mutum da rijiyarsa. Wasu suka ce aljanin tsohuwar kukar zango ne ya yi mafarki. Mata suka janyo 'ya'yansu jiki suna tofa musu addu'a.

Mutum ɗaya ce ta san ko mene ne. Safara'u ta tashi zaune a kan tabarmarta, ta toshe baki da gefen zane don kada a ji dariyarta, hawaye na zuba.

"Ya ajiye sanda," ta ce a ranta. "Wallahi ya ajiye."

Safara'u bazawara ce. Mijinta ya rasu, ta gama takaba ta dawo gidan ubanta, wurin yayanta Malam Rabe. Ubansu, Malam Hussaini, bai bambanta su a karatu ba. Fitila ɗaya suka ƙona, littafi ɗaya suka ja, har ya zamana in suna son ɓoye magana ga mutanen gida sai su juya ta da Larabci. Daga baya Malam ya bi ayarin masu niyyar Makka ta ƙasa, ya ce sai baɗi. Baɗin ba ta zo ba. Uwarsu ta mutu fuskarta na kallon hanyar gabas.

Da bazarar bana wani ayarin ya yada zango, ya tashi ya bar mutum ɗaya cikin zazzaɓi a gidan maƙwabcinsu, tsoho Cindo. Baƙon dogo ne, baƙi wuluk, harshensa ba Filatanci ba, ba Barbarci ba, ba Buzanci ba. Yana kwance yana ta maimaita wasu kalmomi, Cindo da matarsa sun ɗaga hannuwa suna ta "amin, amin."

Safara'u na daka a bayan danga. Ta tsayar da taɓarya ta saurara.

"Baba Cindo! Ba addu'a yake yi ba, ruwa yake roƙo!"

"Ruwa?" in ji Cindo. "To ai Larabci ne, 'yata. A ji Larabci a ƙi cewa amin?"

Daga wannan moɗar ruwan aka fara. Sunansa Birahim, daga can ƙarshen yamma, wani gari Ndar, inda ƙasa ta ƙare ruwa ya ɗauka. Masunci ne ɗan masunta, amma ya yi karatu. Da ya warke sai ya kama saƙa raga da tufkar igiyar guga yana kaiwa kasuwa. Hausarsa ba ta wuce "sannu" da "na gode" da "albarka" ba. Amma kullum la'asar sakaliya yakan zauna jikin danga ta can, ita ta nan, su yi ta zance da harshen littafi, wanda ko gishiri mutum zai roƙa da shi sai ka ce huɗuba yake yi.

A nan ya zuro mata abin ta kafar danga don ta gani: wata ƙatuwar katantanwa, cikinta ja-ja kamar dasashin jariri, an fasa mata baki. Cindo na kiranta uwar wuri. Da Safara'u ta kara ta a kunne sai ta ji wani ruri mai nisa, yana zuwa yana komawa.

"Teku ke nan," in ji Birahim. "Ba ta fita daga ciki. A garinmu in hazo ya rufe ruwa, da wannan ƙahon ake kiran masunta. Duk wanda ya ji, ko da fushi ya bar gida, sai ya juyo da jirginsa. Ya ke 'yar malam, daren da kika ji na busa shi, ki sani na ajiye sandar tafiya."

To ga shi ya busa. Gobe kuma da hantsi zai zo neman aurenta.

Da gari ya waye ta iske Rabe yana naɗa rawani a ƙofar ɗakinsa. Ta durƙusa.

"Yaya, ka ji na jiya?"

"Duk gari ya ji."

"Yau kai ne bakina, kai ne kunnensa. Liman ya tafi Gumel, babu mai juya maganar nan sai kai."

"Na sani. Ni na zaɓi ranar."

"Ka ce gara a gama kafin ayarin da ke zango ya tashi, kada su ja masa rai. Allah Ya saka maka, Yaya. Ko Malam na nan iyakar abin da zai yi mini ke nan."

Rabe bai dube ta ba. Ya ja bakin rawanin ya soke.

"Barau ya sake aiko da goro," ya ce.

Barau abokinsa ne, falken kanwa, wanda tun fitarta takaba yake aike ana mayar masa.

"A mayar masa, Yaya. Ya yi haƙuri."

"To."

Da hantsi zaure ya cika. Bappa Haladu, ƙanin ubansu, shi ne waliyyi, yana zaune a kan buzu da dattawan unguwa. Baƙo ba shi da dangi, don haka Cindo ya tsaya masa a matsayin uba, ya sha babbar rigar Sallarsa yana ta washe baki. Birahim ya durƙusa ya ajiye ƙahon a gaban Bappa, a naɗe cikin raga sabuwa.

Safara'u na bayan zanar da ta kare ƙofar cikin gida, ita da Gwaggo Kande, wadda ta riƙe ta tun rasuwar uwarta.

"Ke dai ba ki da ta ido," in ji Gwaggo cikin raɗa. "Mace ta laɓe tana jin zancen aurenta? To ki ji da kunne, ban da baki."

Aka gaisa, aka raba goro. Bappa Haladu ya yi gyaran murya.

"Rabe, tambaye shi abu ɗaya. Zama ya zo yi ko wucewa? Gidan nan mun ba hanyar gabas mutum ɗaya, ba mu ga ko takalminsa ba."

Rabe ya juya tambayar daidai, bai rage ba. Safara'u ta saki numfashi.

Birahim ya dafa ƙirji ya yi magana a hankali, kamar mai tsoron kada kalma ta zube.

"Ka gaya wa iyayena, hanyata ta ƙare a jikin dangar gidan nan. Hajji na mai iko ne, in Allah Ya nufa wata rana, to. Amma ba zan ɗaga ƙafarta daga garin ubanta ba. Zan koyi fartanya, zan koyi harshenku, a nan za a haƙa mini kabari. Wannan ƙahon shi kaɗai na gada daga ubana. A wurinmu masunci ba ya rabuwa da shi sai ya bar ruwa har abada. Na bar shi a hannunku."

Safara'u ta matse hannun Gwaggo. Rabe ya sauke idonsa ƙasa, ya ce:

"Bappa, ya ce shi matafiyi ne, hanyarsa ba ta ƙare ba. In an ɗaura, zai ɗauke ta su bi gabas. Wannan abin kuwa ya bar muku, wai in kewarta ta dame ku ku riƙa busawa."

Da farko ta ɗauka kunnenta ne. Ta sake bin kalmomin ɗaya bayan ɗaya, kamar mai tsintar tsakuwa a gero. Babu inda suka haɗu da na Birahim.

Fuskokin dattawa suka canza. Wani ya ce, "Ji wulaƙanci!" Murmushin Cindo ya ɗauke. Birahim na duban wannan, ya dubi wancan, bai san me ya ɓata ba.

"Gwaggo, ba haka ya ce ba."

"Rufe mini baki."

"Wallahi ba haka ya ce ba!"

"Ke kika fi yayanki ji? Yi shiru!"

Bappa Haladu mutum ne mai sanyin hukunci. Ya daɗe yana murza gemu, sannan ya ce:

"Magana ta yi ɗaci, amma ya faɗi gaskiyarsa, bai rufe mu ba. Kuma yarinyar nan bazawara ce, ba a yi mata dole. Gaya masa ba mu ƙi shi ba. Ya zauna ya ƙara damina ɗaya tare da mu, ya ci tuwonmu, wataƙila ƙasar ta kama ƙafarsa. Sannan mu tambaye ta, abin da ta ce shi za a yi."

Sai Rabe ya gyara zama. Ya buɗe tafukan hannunsa sama, ya sassauta murya ya ja ta, irin jan da Malam Hussaini ke yi in zai rufe karatu. Dattawa na ganin haka suka ɗaga nasu hannuwan.

"Ya kai baƙo," in ji Rabe da Larabci, "dattawa sun ce ba sa ba da 'yarsu ga wanda ba shi da kabari ko ɗaya a ƙasarsu."

"Amin," in ji zaure.

"An tambayi matar da safen nan, ta zaɓi Barau, ɗan garinsu."

"Amin."

"Ta ce tausayin mara lafiya ta ji, kai ka ɗauke shi so. Tana roƙonka kada ka ƙara zuwa jikin danga."

"Amin, ya Rabbi!"

"Ga ayari can na shirin tashi. Allah Ya nisanta tsakaninku."

"Amin, amin!" Muryar Cindo ta fi ta kowa. Ya shafa fuska, ya juyo ya dafa kafaɗar baƙonsa yana jijjigawa, don shi a zatonsa albarka aka sa.

Birahim ya dubi hannun da ke kafaɗarsa. Hannun da ya ba shi kunu yana kwance ke nan. Ya ɗaga kai ya dubi zanar, kamar ya san wadda ke bayanta, ya ɗaga murya kaɗan.

"Wannan maganarta ce?"

Safara'u ta buɗe baki. Tafin Gwaggo ya rufe shi ruf.

"In muryarki ta fita zauren nan," in ji Gwaggo a kunnenta, "kin ƙaryata ɗan'uwanki a gaban maza, kin roƙi miji da bakinki. Har jikokinki sai an yi musu gori. Ki bari a watse, komai ne a gyara a cikin gida."

Ta iya fizgewa, don Gwaggo ba ta fi ta ƙarfi ba. Amma kunyar da aka shayar da ita tun a nono ta danne mata harshe. Ta ce a ranta, la'asar na nan, danga na nan, kalma biyu ta isa.

Zana ba ta motsa ba. Birahim ya jira, ya ƙara jira. Sannan ya miƙe, ya ce da Hausarsa guntuwa, "Na gode," ya fita. Bai ɗauki ƙahon ba.

Rabe na shigowa cikin gida ta tare shi a bakin rumbu. Ba ta durƙusa ba.

"Yaya, me na yi maka?"

"Shiga ɗaki mu yi magana."

"A nan za ka gaya mini. Na ji duka. Na ji nasa, na ji naka."

"Na san kina ji." Ya shiga ɗakinsa, dole ta bi shi. Ya zauna a bakin gado ya cire rawanin. "Zauna, Safara'u."

"Da harshen da Malam ya koya mana? Da muryarsa? Ka sa tsofaffi suka shafa ƙarya a fuskarsu!"

"Malam!" Rabe ya yi wata dariya mara daɗi. "Shi ma ai cewa ya yi sai baɗi. Kin manta? Ke kina ɗaki wurin Inna, ni nake fita bakin gari duk ayarin da ya dawo, ina tambayar baƙi ko sun ga wani malami mai tabo a goshi. Wani ya ce ya gan shi a Wadai yana noma. Wani ya ce a bakin Bahar Maliya. Wani ya ce kabarinsa ya gani. Ni na haƙa na Inna, Safara'u. Ke kaɗai kika rage mini."

"Ya ce ba zai tafi ba! Da kunnenka ka ji!"

"Na ji. Mutumin da ya baro uwarsa a bakin teku ya keto duniya, danga ce za ta tsare shi? Bana zai zauna. Baɗi zai zauna. Ranar da kika haifa masa ɗa, wani ayari zai yi kuka a zango, ya ce taso mu je. Ki ce a'a? Ba za ki ce ba. Na san ki."

"Sai ka faɗa wa Bappa tsoronka da bakinka, da Hausa, kowa ya ji! Ka ce ni Rabe ban yarda ba. Da na yi kuka na haƙura, ko na yi kuka na roƙe ka. Amma ka ari bakina ka ce tausayi ne? Tausayi, Yaya?"

Hawaye suka zubo masa, bai share ba.

"Da na ce ni ne, da ya zauna ya jira. Sai da naki bakin zai tafi."

"Barau ya san da wannan?"

"Barau bai san komai ba. Shi dai mutum ne da kakansa ke kwance a maƙabartar nan. In ya je Damagaram, kwana kaɗan ya dawo."

"Ko maza sun ƙare ba zan aure shi ba."

"Kada ki aure shi. Ki zauna a gidan nan ki tsane ni har ki tsufa. Ina ganinki dai."

Ta zube a ƙasa tana kuka, shi ma yana yi. Ya shiga tuna mata da yarintarsu, ranar da ta fasa tawadar Malam ya ce shi ne aka doke shi, ranar da kunama ta harbe ta ya goya ta har gidan mai magani. Tana ji, zuciyarta na karyewa gida biyu, don duk gaskiya ne. In ta yunƙura za ta tashi sai ya kamo wani labarin.

Can ta lura da abu ɗaya. Yana magana, amma idonsa na kan hasken ranar da ya shigo ta ƙofa, yana bin sa yana auna shi.

Ta daina kukan.

"Yaya. Yaushe ayarin zai tashi?"

Ya kawar da idonsa daga hasken.

"Ka ce mini sai gobe."

"Tun da hantsi suka ɗaura kaya," ya ce a hankali. "Madugu ya ce mini da an fito daga zaure za su kama hanya."

Ashe har hawayen nasa igiya ce.

Ta fita ba mayafi. Gwaggo na kira, ba ta waiga ba. Ta kutsa cikin zauren, inda dattawa ke zaune har yanzu suna taunar goro suna jujjuya maganar. Ta tsallake ƙafar Bappa Haladu, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka haife ta, ta sunkuya ta fizgi ƙahon daga cikin ragarsa.

"Ke! Lafiya?" in ji Bappa.

Ta bi ta tsakiyar gari da gudu, mata na leƙowa ta kan danga. Zango wayam. Toka da ɗuminta, kashin jakuna bai bushe ba. A gindin kukar ga wata igiyar guga da aka fara tufkawa aka yar. Hanyar gabas ta miƙe tsakanin karan gero, babu kowa a kanta sai sawu.

A nan wani ɗacin ya taso mata, wanda ya fi na Rabe. Duk la'asar ɗin nan da suka yi, duk abin da ta faɗa masa ta kafar danga, bai isa ya sa ya tsaya ya ji daga bakinta ba? Sai kuma ta tuna ya tambaya. Ya tambaya, zana ce ba ta motsa ba.

Ta kafa ƙahon a baki ta hura. Iska kawai ta fita. Ta sake, ya yi wani tusa-tusa har yaran da suka biyo ta suka tuntsire da dariya. Ta share baki, ta matse leɓɓa yadda ta taɓa gani ya kwatanta, ta tattaro duk abin da ke ƙirjinta.

Kukan ya fita. Da rana tsaka, a gaban kowa, ya bi ta kan gonaki ya yi gabas. Tsuntsaye suka tashi daga kan kuka. Ta sake busawa, ta sake, har leɓenta ya fashe.

Ta tsaya tana kallon hanya. Zafin rana na rawa a kanta, wani abu can nesa kamar mutum, kamar kututture. Ba ta iya rabewa ba.

Dattawan sun iso, sun tsaya a bayanta cirko-cirko. Rabe ne na ƙarshe, kansa ba rawani. Ta juyo ta dube shi, jini a leɓenta, ta yi masa magana da harshen da suka ƙona fitila ɗaya a kansa.

"In ya juyo, ni zan zama bakin kaina. In bai juyo ba, wannan ce kalmar ƙarshe da za ka ji daga gare ni, da wannan harshen ko da wani."

Jin Larabci, hannuwan tsoho Cindo suka ɗaga da kansu. Suka kai rabi suka tsaya. Ya dubi jinin da ke bakinta, ya dubi Rabe da ya sunkuyar da kai, ya dubi igiyar da baƙonsa ya yar a gindin kuka. A hankali ya sauke hannuwan, ya juya tafukan yana kallonsu kamar ba nasa ba.

"Malam Rabe," ya ce, "ɗazu a zaure, da muka shafa... wai me muka ce wa amin?"